Jan giyar Beaucastel ta gidan Perrin: tambayoyin da sabbin zuwa kudancin Faransa ke yawan yi

Duk shekara da zarar watan Agusta ya kama tambayoyin nan ke dawowa, daga ɗalibanmu da ke Avignon da Montpellier da Marseille, da masu neman aikin tsinkar inabi, da waɗanda suka samu aiki a gidan abinci aka ce su haddace sunayen kwalabe alhali ko warinsu ba sa so. Ba tallar giya nake ba, hukuncinta a addini ma yana ƙasa. Amma wanda ya zauna a yankin nan bai san yadda harkar inabi take ba kullum a duhu zai riƙa tafiya, shi ya sa na ɗauki gida ɗaya, Château de Beaucastel, na gina amsoshin a kansa.

Wai ita jan giyar nan da me ake yinta, ana zuba mata kala ne?

Ba a zuba kala. Inabi ne baƙi ake tsinkowa a murje shi a bar ruwan tare da ɓawon a cikin manyan tankuna, yisti ya cinye sukarin da ke ciki ya mayar da shi barasa, iska na fita tana kumfa. Ruwan inabin shi kansa kusan fari ne, jan daga ɓawon yake fitowa, shi ya sa ake barinsu tare kwanaki ko makonni. Daga ɓawon da 'ya'yan ciki kuma ake samun wani ɓauri mai kama baki irin na goro, wanda masu harkar ke cewa shi ke sa giya ta jure ajiya shekara da shekaru ba ta lalace ba.

Ta wannan yankin tana da ƙarfi, yawanci kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari barasa ce, saboda rana na da zafi inabin na tara sukari sosai. Wato ta ninka giyar kwalba ta yau da kullum kusan sau uku. Kar wani ya ce maka ai lemon inabi ne kawai.

Ina ne Beaucastel, kuma su waye Perrin ɗin?

Gonar tana Courthézon, kusa da garin Orange, a gundumar Vaucluse, cikin yankin da ake kira Châteauneuf-du-Pape. Sunan gonar daga wani Pierre de Beaucastel ya samo asali, wanda ya sayi fili a wurin a 1549. Amma dangin da ke riƙe da ita yanzu sun shigo ne a 1909, lokacin da Pierre Tramier ya saye ta, daga baya ta koma hannun surukinsa Pierre Perrin. Ɗansa Jacques Perrin shi ne ya ɗaga sunan gidan, ya rasu a 1978, 'ya'yansa Jean-Pierre da François suka ci gaba, yanzu kuma jikoki ne ke jan ragamar.

Kar jin "gonar iyali" ya sa ka zaci wani dattijo ne da garmarsa da ɗan fili bayan gida. Gandu ne babba, wajen hekta 100, kuma dangin suna da wasu harkokin a gefe: giyar La Vieille Ferme mai araha da ake gani a manyan kantuna tasu ce, suna da hannu a gonar Tablas Creek a jihar Kalifoniya ta Amurka da suka kafa tare da Robert Haas a 1989, su ne kuma suka yi aikin giyar Miraval da sunan ɗan fim ɗin Amurka Brad Pitt ya yi wa talla. Abin da ya sa har yanzu ake ce mata ta iyali shi ne mallaka da yanke shawara ba su bar hannun dangi ba.

Me ya haɗa Fafaroma da sunan giya?

Tarihi ne. Daga 1309 zuwa 1377 Fafaromomi ba a Rum suke zaune ba, a Avignon suke, fadarsu na nan tsaye har yau masu yawon buɗe ido na cika ta. Na biyunsu, John na 22, ya gina wata fada a kan tudu a wani ƙauye arewa da Avignon, ƙauyen ne Châteauneuf-du-Pape na yanzu, ma'anar sunan kuwa sabuwar fadar Fafaroma. Kangon ginin kawai ya rage. Shi ya sa a jikin kwalabe da yawa na yankin za ka ga hular Fafaroma da makullai biyu an fito da su a jikin gilashin, tun 1937 suke amfani da wannan tambari.

Me ake nufi da AOC ko AOP da ke jikin kwalba?

Doka ce da ke cewa ba kowa ke da ikon sa sunan wuri a kayansa ba. Kuma a nan yankin aka faro ta. A farkon ƙarni na 20 algus ya yi yawa, ana kwaso giya daga ko'ina a lika mata sunan Châteauneuf, sai manoman suka haɗu a 1923 ƙarƙashin Baron Le Roy na gonar Château Fortia, wanda lauya ne, suka rubuta wa kansu ƙa'idoji. A 1935 gwamnati ta kafa hukumar da ke kula da waɗannan sunaye, wadda yanzu ake kira INAO, a 1936 Châteauneuf-du-Pape ta shiga sahun farko da aka ba wannan shaida. AOP sunan Tarayyar Turai ne na abu ɗaya, kuma ba giya kaɗai ba, har cuku da man zaitun da kaji suna da shi.

Ƙa'idojin sun yi tsauri. Sai inabin da aka noma a cikin iyakar da aka shata a garuruwa biyar: Châteauneuf-du-Pape, Courthézon, Bédarrides, Sorgues da Orange, duka wajen hekta 3,200. Ba a wuce lita 3,500 a kowace hekta. Barasa kar ta gaza kashi 12.5. Kuma dole da hannu za a tsinke, an hana inji, wannan shi ne dalilin da ya sa ake neman 'yan ƙwadago kowace kaka, duba tambayar aikin tsinka a ƙasa. Iyakar nan ba wasa, wani ɓangare na gonar Beaucastel ya faɗa ɗaya gefen babbar hanyar mota ta A7, to giyar can ba ta da ikon ɗaukar sunan, Coudoulet de Beaucastel ake sayar da ita da shaidar Côtes du Rhône, kuɗinta bai kai ba. Ƙasa ɗaya, manomi ɗaya, titi ne kawai a tsakani.

Wani abin dariya, a 1954 magajin garin Châteauneuf ya fitar da doka ta hana jiragen halittun sama masu kama da faranti sauka a gonakin garin. Da gaske aka yi.

Na ga hoton gonar duk duwatsu ne, ta yaya abu ke fitowa a nan?

Wannan tambayar 'yan uwa da suka taso a noma ne suka fi yinta, kuma suna da gaskiya, don manomin gero ya ga filin nan ko kyauta ba zai karɓa ba. Duwatsu ne mulmulallu masu santsi da kogin Rhône ya kwaso daga tsaunukan Alps tun zamanin da, sun rufe ƙasar, a ƙarƙashinsu kuma jan yumɓu ne mai riƙe ruwa. Duwatsun suna hana danshi guduwa, suna shan zafin rana su riƙa sakinsa da dare. Ita kuwa kurangar inabi saiwarta na nutsewa can ƙasa ta nemo ruwa. Masu harkar sun yi imani idan kuranga ta sha wuya 'ya'yan kan fito kaɗan amma ɗanɗanonsu ya taru, idan ta samu taki da ruwa yadda take so sai ta cika ganye da 'ya'ya masu lami.

Sai iskar mistral, mai kaɗowa daga arewa ta biyo kwarin Rhône da ƙarfi, wani lokaci kwana da kwanaki ba tsayawa. Tana busar da ganye bayan ruwan sama, cutar funfuna ba ta samun wurin zama, wannan na cikin abin da ya sauƙaƙa wa gidan Perrin barin maganin feshi na kemikal tun shekarun 1950, lokacin da maƙwabta ke rububinsa. Saboda iskar ne ma ake aske yawancin kurangar ta zauna gajera dab da ƙasa.

An ce iri 13 na inabi suke haɗawa, gaskiya ne?

Gaskiya ne dokar yankin ta yarda da iri 13, kuma Beaucastel na cikin 'yan tsirarun da ke noma dukkansu: Grenache, Mourvèdre, Syrah, Cinsault, Counoise, Vaccarèse, Muscardin, Terret noir, Picpoul, Picardan, Clairette, Bourboulenc da Roussanne. Yawancin maƙwabta Grenache suke cikawa. Su gidan Perrin abin da ya bambanta su Mourvèdre ne, suna sa shi da yawa, wajen kashi 30 cikin ɗari, iri ne mai jinkirin nuna mai taurin kai, Jacques Perrin ne ya nace a kansa. Kowane iri daban ake tsinkarsa daban ake dafa shi, sai daga baya dangi su zauna su ɗanɗana su yanke yadda za a gauraya, sannan a zuba a manyan gangunan itacen oak ya kwana wajen shekara kafin a sa a kwalba.

A shekarun da kaka ta yi kyau sosai suna fitar da wata ta musamman, Hommage à Jacques Perrin, da aka fara a 1989 don tunawa da mahaifinsu. Ba kowace shekara ake yinta ba.

Me ya sa wata kwalba yuro 4 wata kuma ta kusa 100?

Wani ɓangare lissafi ne: amfanin hekta kaɗan ne saboda doka, tsinka da hannu, zaɓe da hannu, ajiya shekara biyu kafin kuɗi ya shigo, ga tsadar filin kansa. Sauran kuwa suna ne kawai da ƙarancin kaya. Beaucastel ta yau da kullum kan tasam ma yuro 100, Hommage kuwa ɗaruruwa. A ganina daga wani mataki zuwa sama ba abin da ke cikin kwalbar ake saye ba, labarin gidan ake saye da damar cewa ina da ita, akwai masu sayen da ba su taɓa buɗewa, ajiyewa suke su sayar in ta yi tsada.

Inda kuɗi ya taru kuwa ɗan damfara na nan. Rudy Kurniawan, ɗan Indonesiya da ke zaune a Amurka a lokacin, a ɗakin girkinsa yake haɗa giya yana lika mata takardun manyan gidajen Faransa yana sayar wa attajirai da miliyoyin daloli, a 2014 aka yanke masa shekara 10.

To me ya sa ake ta nanata "ta iyali", wani abin a zo a gani ne?

Eh, don riƙe gona a hannun dangi ɗaya sama da shekara ɗari a Faransa ba ƙaramin aiki ba ne. Tun dokar Napoleon ta 1804 ba a iya hana ɗa gado, dole kowa ya samu rabonsa, fili sai ya yi ta tsagewa. Ga harajin gado da ake lissafawa a kan darajar filin ta yau, ita kuma darajar ta haura sama fiye da abin da noman ke kawowa. Sai magada su wayi gari da bashin haraji da ba za su iya biya ba, wani na son noma wani na Paris yana son kuɗinsa, ƙarshe a sayar. Haka kamfanin LVMH ya saye gonar Clos des Lambrays a 2014, attajiri François Pinault ya saye gonar Clos de Tart a 2017, duka a yankin Bourgogne.

Kafin wannan ma akwai bala'in da ya kusa share kowa, wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera, ya shigo daga Amurka a shekarun 1860, kuma a nan kusa, tsallaken kogin Rhône, aka fara ganin ɓarnarsa. Ya cinye mafi yawan gonakin inabin Faransa. Maganin da aka samu shi ne aure, a ɗaura kurangar Faransa a kan saiwar ta Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa, har yau haka ake dasawa. Gonar Beaucastel a lalace take lokacin da Tramier ya saye ta.

Ina ɗalibi, zan iya yin aikin tsinkar inabi, ya ake samu?

Ta fuskar doka, mai takardar zaman ɗalibi yana da izinin aiki har awa 964 a shekara. Akwai kwantiragi na musamman na tsinkar inabi, wata ɗaya ne iyakarsa, ana iya sabuntawa amma kar ya wuce wata biyu a shekara. Ana samun tallan aikin a France Travail, hukumar samar da aiki ta gwamnati wadda a da ake kira Pôle emploi, da ANEFA, ƙungiyar da ke tallata ayyukan gona, ko kai tsaye daga gonakin. Biya yawanci mafi ƙarancin albashi ne na ƙasa, wajen yuro 12 a awa kafin a yi yanke-yanke. Lokacin daga ƙarshen Agusta ne zuwa farkon Oktoba, Mourvèdre ke zuwa ƙarshe, matsalar dai yana cin karo da komawa makaranta.

Aikin kansa ba wasa ba ne. Ka tuna abin da na faɗa a tambayar duwatsu, kuranga gajera ce, wuni za ka yi a duƙe da almakashi da bokiti, kana taka duwatsu masu juya ƙafa, rana na dukanka. Takalmi mai kauri, hula, ruwa da yawa. Kuma don Allah kar ka yarda da ɗan kwangilar da zai ce zai biya ka a hannu ba takarda. A kakar 2023 a yankin Champagne ma'aikata sun mutu a lokacin tsananin zafi, an kuma gano wasu 'yan Afirka ta Yamma da dama an cusa su a wani ruɓaɓɓen gida ba ruwa mai kyau ba abinci, maganar ta kai kotu. Ka nemi kwantiragi a rubuce, a yi maka rajista da MSA, wato hukumar inshorar ma'aikatan gona, a ba ka takardar albashi. In aka saɓa akwai ofishin sufetocin ƙwadago. Amma kafin ka sa hannu karanta amsa ta gaba.

Ya halatta Musulmi ya yi wannan aikin?

Ni ba malami ba ne, amma abin da ke a sarari shi ne shan giya haramun ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Akwai kuma hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito da ya la'anci mutum goma a kan giya, ciki har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai shayar da ita, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. A kan haka mafi yawan malamai suka hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi. A gona irin Beaucastel kuwa ba wani kokwanto, duk ƙwayar da ka tsinka tanki za ta.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da mafita a yankin nan ɗin dai. Vaucluse cike take da gonakin tuffa, ceri, kankana irin ta Cavaillon, tumatir, har da inabin ci na tebur wato Muscat du Ventoux, duk suna ɗaukar 'yan ƙwadago da albashi iri ɗaya. 'Yan uwanmu Hausawa Kirista kuma nasu hukuncin daban ne, coci-coci ma sun bambanta, wasu na amfani da ruwan inabi a jibin Ubangiji wasu sun hana sha gaba ɗaya, kowa ya tambayi na gabansa.

An gayyace ni cin abinci an zuba min, ko an ba ni kwalba kyauta, ya zan yi kar na ɓata musu rai?

Ka ce na gode ba na sha, shi ke nan, ba sai ka yi wa'azi ba ba sai ka yi ƙaryar ciwo ba. Faransawan kansu sun rage sha sosai, a shekarun 1960 mutum ɗaya kan sha sama da lita 100 a shekara, yanzu wajen 40 ne, har gwamnati ta biya manoman Bordeaux su tuge kuranga don jan giya ta yi kwantai. In za a ɗaga kofi ka ɗaga naka na ruwa, ba wanda zai kalle ka. Ya fi kyau ka faɗa tun lokacin gayyata, don uwar gida ta san abin da za ta dafa, duba tambayar abinci.

Kwalbar kyauta kuwa ka nuna ka san darajarta sannan ka mayar cikin ladabi, mai gona da ya ba ka irin wannan girmama ka ya yi. Kar ka ce za ka kai gida tsaraba, a Kano da sauran jihohin da ke bin shari'a tun 2000 Hisbah fasa kwalabe take.

In an dafa nama da ita ai barasar ta ƙone ko?

Ba duka ba. Tana raguwa gwargwadon daɗewar tukunya a wuta amma gwaje-gwaje sun nuna ko bayan awa biyu akan samu saura. Abincin da za ka lura da su: daube ta yankin Provence, boeuf bourguignon, coq au vin, da miyar da aka rubuta marchand de vin. Ka tambayi mai kawo abinci, sun saba. Khal, wato binigar, da aka yi da inabi maganarsa daban, malamai sun yarda da wanda ya juye da kansa, sun yi saɓani a kan wanda aka juyar da gangan.

Wadda aka rubuta ba barasa fa?

A karanta lambar da ke jiki. Wadda aka cire wa barasa giya ce cikakkiya aka fara yi sannan aka zuƙe barasar da inji, dokar Turai ta bar ta ta riƙe har kashi 0.5. In kana son kuɓuta daga shakka ka sayi jus de raisin, matsattsen inabi ne da bai taɓa tsami ba. Châteauneuf-du-Pape dai ba ta da irin wannan, tunda doka ta ce kar ta gaza 12.5 kamar yadda na faɗa a tambayar AOC.

Ance kofi ɗaya na jan giya a rana na gyara zuciya?

Wannan maganar ta bazu ne daga 1991, bayan wani shirin talabijin na Amurka, 60 Minutes, ya yi rahoto cewa Faransawa na cin cuku da man shanu amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, aka jingina abin ga jan giya, cinikinta ya tashi a Amurka nan take. Daga baya masu bincike suka lura da wani kuskure a lissafin: cikin waɗanda aka ƙirga a matsayin marasa sha akwai waɗanda rashin lafiya ce ta sa suka daina, sai masu sha kaɗan suka fito kamar sun fi lafiya. Sinadarin resveratrol da ake ta ambato kuma ɗan mitsitsi ne a kofi, yana nan a ɓawon inabin da za ka saya a kasuwa ka ci. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wani adadin barasa da ba shi da illa, kuma barasa na cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar kansa. A Faransa ma tun dokar Évin ta 1991 an hana tallarta a talabijin, kuma duk wata talla da aka lika a titi dole ta ɗauki gargaɗin cewa yawan sha na cutar da lafiya.